Kwikwiyon da Ya Ƙi Ci a Ƙasa

Maigidana ne ya kawo shi, ba ni ba. Ina faɗin haka tun farko domin daga baya duk unguwa ta ɗauka ni na tafi na nemo kare don in tsokani surukata. An sace mana awaki biyu a ƙarshen damina, sai maigida ya je rugar da muke sayen nono, ya ba da gero, ya karɓo kwikwiyo wai in ya girma ya riƙa gadin turke. Da hantsi ya shigo da shi a cikin kwali, ɗaure a bayan babur. Ɗan ja ne mai farin baki, tafin ƙafafunsa sun yi masa yawa, kunne ɗaya a tsaye ɗaya a kwance. Na dube shi sau ɗaya na koma ɗaki. A lokacin babu abin da ke burge ni a duniya.

Surukata, wadda duk gidan muke kira Inna, ita ta kafa doka. Ta ce karen tsaro ba laifi, malamai ma sun yarda, amma da sharaɗi. Ba zai tako tsakar gida ba, zamansa can bayan rumbu kusa da awaki. Ba zai kusanci randa ba. Ba zai taɓa kwano ba. Abin da za a ba shi a jefa masa a ƙasa, yadda ake yi wa kowane kare tun kaka da kakanni. Babu wanda ya ga aibin wannan magana, har ni, sai da na ga an yi.

Dole in faɗi abin da ƙasa take a gidanmu, in ba haka ba za a ɗauke ni mahaukaciya kamar yadda aka ɗauke ni a lokacin. Ƙauyenmu ba shi da nisa da Dareta. Shekarar da ta gabaci zuwan kwikwiyon nan ita ce ta gubar dalma. Maza suna haƙo dutsen zinari, ashe da gubar a cikinsa, su kawo gida, a daka a turmin da muke daka hatsi, a shanya garin a tsakar gida, ƙurarsa ta bi ko'ina. Yara suna rarrafe a kai, suna tsintar abin da ya faɗi su kai baki. Ɗiyata ɗaya ce, shekararta biyu da 'yan watanni. Ba da jijjiga ta fara ba. Ƙin abinci ta fara. In na kai mata kunu sai ta kau da kai, in na matsa ta rufe baki ta yi kuka. Aka ce haƙora ne, a ƙyale ta, in yunwa ta kama ta za ta ci. Inna ce ta faɗa, maƙwabta suka taya ta, ni kuma na ji magana, domin an ce yarinyar kirki tana jin ta manya. Na ƙyale ta. Ranar da ta fara sanƙarewa muka ɗauke ta a babur, ba mu kai asibitin Anka da ita da rai ba.

Daga baya ma'aikata suka zo da shebur da buhuna, suka kankare ƙasar gidan kaf har cikin ɗakuna, suka kwashe, suka zubo mana wata sabuwa ja. Suka ce yanzu lafiya lau. Na gode musu, amma wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Ko goro ne ya faɗi a tsakar gidan nan ba na ɗauka. Abinci kuwa ya fita kaina. Inna takan aiko mini da tuwo in buɗe in rufe in mayar. Shayi nake kurɓa da safe in tafi makarantar firamaren da nake koyarwa, in dawo in kwanta. Zanena da ke zagaye ni sau ɗaya da rabi ya koma yana zagayowa sau biyu.

To, ranar farko aka jefa wa kwikwiyo ƙanzo. Ya shinshina ya koma ya kwanta. Rana ta biyu maigida ya gutsuro tuwon dawa ya jefa masa, tuwon ya birkiɗa a cikin jar ƙasar nan, kaji suka zo suka cinye yana kallonsu. Ruwa kaɗai yake lasa, daga tsingaron da awaki ke sha. Ina gani ta taga.

Rana ta uku da la'asar na fito alwala, sai na ji Inna tana ce wa ɗanta, "Ƙyale shi. Tsirhwa ta. In yunwa tac ci shi shina ci."

Butar ta kusa faɗuwa daga hannuna. Maganar nan ce sak, da muryar nan, a tsakar gidan nan. Ba kuka ne ya zo mini ba, fushi ne tsagwaronsa. Na ce a raina wallahi ba za a sake ba. Ba za a kuma rufe baki a mutu a gidan nan ina tsaye ina jin magana ba, ko da kare ne, ko da ɓera ne.

Na idar da salla na nufi bayan rumbu. Da na ɗaga shi sai na ji ba nauyi, haƙarƙarinsa duk a waje. Na buɗe bakinsa na duba, na ja fatar idonsa, na tsaya ina jiran in ga ko ƙafarsa za ta yi karkarwa. Ba ta yi ba. Kallona kawai yake da idanu kamar an yi masa laifi. Na ce masa, "Kai ɗan banza, a nan gidan ba a mutuwa da yunwa. Ka ji ni?" Ya yi hamma.

Abu na farko da na yanke shi ne ba zai ƙara cin komai a ƙasa ba. Na shiga ɗaki ina neman abin zuba masa. Kwanukan jerena duk sun yi masa zurfi. Hannuna ya kai can ƙarshen kabad, inda na ɓoye ɗan kwanon ɗiyata, fari mai shuɗin baki, gefe ɗaya ya ɗan ɓantare inda ta taɓa buga shi da dutsen murhu. Tun ranar ban taɓa shi ba. Na tsaya da shi a hannu na ɗan lokaci. Sannan na zuba kunu a ciki na fita.

Inna tana zaune bisa tabarma tana tsinke zogale. Da ta ga kwanon sai hannunta ya tsaya.

"Ina za ki da kwanon ga?"

"Kare za ni ba, Inna."

"Kare? Kwanon ɗiyag ga za ki aza ma kare? Ke lahiya kike?"

"Lahiya lau nike. Ba ya ci ƙasa."

"To ki sani in yas sa baki ciki, sai an wanke shi sau bakwai, guda da ƙasa."

Abin da muka tashi muka ji ke nan, ni ma na sani. Amma bakina ya riga ni. Na ce, "Da wace ƙasa, Inna? Da wadda anka kwashe cikin buhuna, ko da wagga da anka zubo muna?"

Ta sunkuyar da kai ta ci gaba da tsinke zogalenta. Na san na yi rashin kunya, kuma ban yi nadama ba. Tun da aka kawo ni gidan nan daga Gummi ban taɓa mayar mata da magana ba sai ranar.

Da a ce bayan duk wannan tashin hankali kwikwiyon ya rufa mini asiri ya sha kunun, da na gode masa. Ina! Ya leƙa kwanon, ya dube ni, ya juya mini baya. Na zauna a kan turmi ina zaginsa. Na ce ɗan gidan uban wa ne shi, da za a ɓata da suruka saboda shi ya kuma yi wa mutane yanga.

Washegari na tashi da shirin yaƙi. Na dama koko da sukari, ya ƙi. Na jiƙa ƙuli-ƙuli, ya ƙi. Na aika wajen mahauci aka kawo mini ƙashi da 'yar tsoka, na dafa romo har maƙwabta suna tambayar ko baƙi muka yi, na fifita na kai masa, ya shinshina har hancinsa ya jiƙe, ya ja da baya. Na sayi kifin gwangwani a shago, abin da ni kaina rabona da shi tun ina amarya. Kyanwar maƙwabta ce ta ci riba. Na tsoma yatsa a romo na shafa masa a baki, ya lashe don dole, na ƙara, ya kau da kai. Wannan kau da kan shi ya fi ƙona mini rai, domin na san shi.

Da aka tashi makaranta ban koma gida ba. Na hau kabu-kabu zuwa Anka, wajen wani mai sayar da maganin dabbobi. Na ce kwikwiyona ya ƙi cin abinci. Mazan da ke zaune a bencinsa suka dubi juna. Ɗaya ya ce, "Malama, saniya kinka ce ko kare?" Na ce kare na ce, in kunnensa na ciwo a ba shi nasa maganin shi ma. Aka yi dariya, ban taya su ba. Mai shagon ya ba ni maganin tsutsar ciki ya ce in ɗura masa. Na ɗura. Ya haɗiye, ya yi atishawa, ya koma ya kwanta.

Kafin magariba labari ya gama gari. Malama ta haukace, tana dafa wa kare nama a kwanon marigayiya. Wata maƙwabciya ta leƙo ta katanga wai ta zo aron rariya, idonta yana bayan rumbu. Na ce mata ta shigo ta gani da kyau, kallo ba kuɗi. Wata kuma ta ce in yi haƙuri, Allah zai ba ni wani ɗan. Na ce amin, amma yanzu wannan ne a gabana. Ni dai ko a jikina, an tsikari kakkausa.

Maigida mutum ne mai sanyi, tun rasuwar ɗiyarmu ma ya ƙara yin shiru, ya bar zuwa ramin zinari ya koma gonarsa. Amma maganar ta kai masa har masallaci. Bayan sallar magariba ya tsaya a ƙofar ɗakina bai shigo ba.

"Malama, abin ga ya isa hakanan. Karen ga ba shi da rabon rayuwa. Gobe kasuwa, in na tashi tahiya ina sa shi buhu in aje shi daji bisa hanya. In samo wani."

"Ba ka kai shi ko'ina."

"Ni nik kawo shi."

"Kai kak kawo shi, ni ka jinya tai. In ka sa shi buhu, ka samo babba ka sa mu tare."

Ya girgiza kai. Sannan ya ce in dai har azahar ɗin gobe bai ci ba, zai ɗauke shi, in yaso in yi fushin shekara. Ya juya ya tafi. Na san ba mugunta ba ce. Shi ma ba ya son ya sake ganin abu yana ƙarewa a gabansa, shi ya sa yake son a kai shi inda ba zai gani ba. Ni kuwa na gaji da abin da ake kawarwa daga ido.

Ranar kasuwa da hantsi Bafulatanar da ke kawo mana nono ta yi sallama. Dattijuwa ce doguwa, daga rugarsu aka karɓo kwikwiyon, kuma duk ranar kasuwa sai ta biyo ta gidanmu kafin ta wuce. Ta sauke ƙwaryarta, muka gaisa. Tun kafin ta buɗe faifai kwikwiyon ya ji muryarta. Abin da ya kwana huɗu ba ya ko ɗaga kai, sai ga shi yana jan igiya yana kuka. Ta je ta tsuguna ta dube shi, ta dafe haɓa.

"Subhanallahi. Mi kunka yi mai?"

Na lissafa mata duka, tun daga ƙanzo har kifin gwangwani, ina huci kamar ita ta yi mini laifi. Ta saurara har na gama. Sai ta ce, "To wa ka ci gabanai?"

Ban gane ba. Ta yi mini bayani. Uwarsa maciji ya sare ta tun bai buɗe ido sosai ba, sauran 'yan'uwansa suka mutu, shi kaɗai ya rage. Ita ta raine shi a gindin ƙafarta. In ta zauna shan fura sai ya zauna yana kallon bakinta, in ta ƙoshi ta juye masa ragowar a sakaina. Haka safe, haka rana, haka yamma. A rugarsu kare ba ya riga mai shi ci, ragowa yake jira, shi kuma wannan bai taɓa sanin wani abinci ba sai wanda ya ga an sha an rage masa. Mutanen gidanmu sun jefa masa a ƙasa sun wuce. Ni kuma na kawo masa sabo fil, na tsaya a kansa bakina a rufe ina masa tsawa.

"Jira shika yi," in ji ta. "Ladabi na, ba tsirhwa ba."

Sannan ta ɗago ta dube ni, tun daga wuya har wuyan hannu, irin kallon da suke yi wa saniya a ƙarshen rani. Ta ce, "Ke hwa, yaushe rabonki da ci?"

Na ce wannan ba matsalarta ba ce. Ta ce ai kuwa yanzu matsalar kare ce. Ba ta jira izinina ba, ta ɗauko ƙwarya ta saka fura biyu, ta dama da kindirmo, ta tura mini gaba da ludayi a ciki. Ta karɓi kuɗin nonon da Inna ta saya, ta ɗora kayanta ta tafi kasuwarta.

Na shimfiɗa buhu a bayan rumbu na zauna, awaki a gefe, ƙwarya a cinya, kwanon ɗiyata a gabana. Kwikwiyon ya matso iyakar igiyarsa ya zauna, kunnen nan ɗaya a tsaye. Ba kwanon yake kallo ba, bakina yake kallo.

Ban taɓa sanin ludayin fura yana da nauyi haka ba. Gaskiyar da ban faɗa wa kowa ba ita ce, ba rashin yunwa ke hana ni ci ba. Gani nake ban cancanta ba. Uwar da ɗiyarta ta rufe baki ta ƙyale ta, da wane baki za ta ƙoshi? Na riƙe ludayin na kasa kai shi baki. Sai na ji ƙarar babur ɗin maigida a ƙofar gida, ya dawo daga gona da wuri. Na ce to, in don ni ce ba zan sha ba, amma ba za a sa ɗan banzan nan a buhu ba. Na kai baki.

Na farko da ƙyar ya wuce. Na biyu ya bi shi. Furar tana da citta da kanumfari, nonon da ɗan tsami, sai cikina ya tuna abin da ya manta. Kwikwiyon ya lashe baki. Wutsiyarsa ta buga ƙasa sau ɗaya. Na ci gaba da sha ina hararsa, hawaye yana zuba cikin ƙwaryar, ban share ba. Da ya rage kaɗan a gindi na juye a kwanon na tura masa da ƙafa.

Ya dube ni, ya dubi kwanon. Sannan ya sa kai. Ban taɓa jin sauti mai daɗin wannan laƙ-laƙ ɗin ba. Ya shanye, ya lashe gefe, ya lashe inda ya ɓantare, ya tura kwanon da hanci har ya kife, ya ɗago da fura a gemu yana neman ƙari.

Da na waiwaya maigida yana tsaye da buhu a hannu. Inna tana bayansa, ban san tun yaushe ba. Na ɗaga ƙwaryar na nuna musu cikinta, na ce, "Ya ci." Da faɗa na faɗe shi, ina jiran wanda zai tanka.

Inna ba kwikwiyon take kallo ba. Ƙwaryar take kallo. Ta ce wa ɗanta, "Aje buhun ga." Ya ajiye. Ta tako a hankali har bayan rumbu, inda ta rantse ba za ta taka ba muddin karen yana nan, ta tsaya kusa da ni. Da ta yi magana muryarta ta yi ƙasa har sai da na kasa kunne.

"Waccan ɗiya tamu, ni nac ce haƙora na. Ni nac ce a ƙyale ta. Kullum da shi nika kwana, da shi nika tashi."

Shekara guda ina jiran wannan magana, ina wasa wuƙar amsar da zan ba ta. Da ta zo sai na nemi amsar na rasa. Tsohuwa ce kawai a gabana, ta rame ita ma, ban lura ba sai ranar. Ita ta yi wa yarinyar wankan farko da hannunta, ita ke goya ta in na tafi makaranta.

Ta sunkuya ta ɗauki kwanon da karen ya lashe, da hannunta, ta kakkaɓe ƙasar da ta manne a bakinsa. Ta kai gindin randa ta wanke shi, ina jin tana ƙirgawa har bakwai, da ruwa zalla. Ta kife shi bisa rumbu inda ba ya taɓa ƙasa.

Da la'asar ta aiko mini da tuwo malmala biyu da miyar kuka, ta biyo bayansa da kanta da nata akushin. Ta zauna a ɗaya gefen buhun, nesa kaɗan da igiyar, ta tattare zanenta kada ya shafe ta. Kwikwiyon ya zauna a tsakiya yana raba ido, ya dubi bakina ya dubi nata.

"Ci," in ji Inna. "Ɗan banzan ga na jiranmu."

Muka wanke hannu muka ci. Kowaccenmu ta rage masa loma biyu.